Likitan zuciya da hasken da ido ba ya gani

Babu sana'ar da ba ta barin tambarinta a jikin mai ita. Marini ana gane shi da hannu tun kafin ya buɗe baki, maƙeri kuwa tartsatsin wuta ya riga ya yi masa zane a damtse. Direban kamyon da ya shekara 20 yana jigila tsakanin Kwatano da Maraɗi, ƙugunsa ke ba da labarin hanya, shi kuma ma'aikacin biro da ya tsufa a kan takardu, tabarau ne ladan da idanunsa suka samu. Duk waɗannan alamu ne da ake gani, kuma masu su sun san lokacin da suka fara. Amma akwai wata sana'a mai daraja wadda tambarinta ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa, sa'ad da gyara ya riga ya yi wuya. Ita ce sana'ar likitan da ke buɗe jijiyoyin zuciya ba tare da ya tsaga ƙirji ba.

Masu karatu da dama sun san wanga aiki, ko a jikinsu ko a jikin wani nasu. Sau nawa wani Alhaji na kasuwa, ko wani babban ma'aikaci, ciwon ƙirji ya kai shi Tunis ko Kazablanka ko Alƙahira ko Indiya, bayan mako guda ya dawo da ƴar filasta a wuyan hannu, yana shaida wa masu zuwa barka cewa ko wuƙa ba a sa masa ba? Akan yi wa Allah godiya, a yaba wa ilimin zamani, a yi lissafin kuɗin da aka kashe. Da wuya a samu wanda ya tambayi dalilin da ya sa likitan da ya yi aikin yake sanye da wata riga mai nauyi kamar sulke, da wani abu ɗaure a wuyansa, da tabarau mai kauri, alhali majinyaci yana kwance babu ko ɗaya daga cikinsu.

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka tana bukatar jini domin ta yi aiki. Jijiyoyin da ke shayar da ita sirara ne, faɗin manyansu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan kitse ya taru a bangonsu sai hanya ta ƙuntata, mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya yi sauri ko ya hau bene. Idan kuwa gudan jini ya toshe hanyar baki ɗaya, to sashen tsokar da ke bayan toshiyar zai fara mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. Abin da likita ke yi shi ne ya huda jijiyar wuyan hannu ko ta gindin cinya, ya zura siririn bututu har bakin zuciya, ya tura wani ruwa da ke sa jijiyoyin su fito a hoto, ya gano inda aka toshe, ya hura ɗan balan-balan a wurin, sannan ya bar wani zoben ƙarfe saƙaƙƙe kamar raga domin ya tokare bangon. Duk wannan tafiya a cikin duhun jiki ake yin ta, fitilarta kuwa ita ce hasken ikis, wanda a asibitocin ƙasar nan aka fi sani da radiyo. Sai dai radiyon ƙirji ƙiftawar ido ne, kuma mai ɗaukarsa yakan koma bayan bango kafin ya danna. A ɗakin zuciya hasken yakan yi mintoci yana kunne, wani lokaci ya haura rabin sa'a, likita kuwa hannunsa na kan bututu, ba shi da bangon da zai koma bayansa.

Illar wannan haske ba sabon labari ba ce. Wani malamin kimiyya na Jamus, Wilhelm Rontgen, shi ya gano shi a watan Nuwamba na 1895, kuma cikin ƴan watanni likitocin duniya suka rungume shi da murna, suna gwada ƙarfinsa a kan hannuwansu. Clarence Dally, wanda ke aiki tare da Thomas Edison a Amurka, ya yi ta sa hannunsa a gaban na'urar har gyambo ya kama shi, aka yanke masa hannuwa biyu, ya rasu a 1904 yana da shekara 39. Edison ya daina taɓa aikin daga nan. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti na birnin Hamburg, aka rubuta a kansa sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 na ƙasashe dabam-dabam waɗanda hasken ya yi ajalinsu, daga baya kuma aka yi ta ƙara wasu. Saboda irin waɗannan asarori ne aka kafa, tun 1928, kwamitin da daga baya ya zama hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kariya daga haske, wadda ake kira CIPR da Faransanci.

Su kuwa likitocin zuciya, da ƙarfin hali suka shigo wanga fage. A 1929 wani matashin likita ɗan shekara 25, Werner Forssmann, a wani ƙaramin asibiti kusa da Berlin, ya zura bututu mai tsawon santimita 65 a jijiyar hannunsa shi da kansa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin radiyo domin a ɗauki hoton bakin bututun a cikin zuciyarsa. Manyansa sun ɗauke shi mai ganganci, amma a 1956 aka ba shi kyautar Nobel tare da André Cournand da Dickinson Richards. A 1958 Mason Sones, a birnin Kilibilan na Amurka, ya gano cewa ana iya tura ruwan hoto cikin jijiyar zuciya kai tsaye mutum bai mutu ba. Ranar 16 ga Satumba 1977, a Zurik ta ƙasar Suwis, Andreas Gruntzig ya buɗe toshiyar jijiyar wani mutum ɗan shekara 38 da balan-balan, mutumin idonsa biyu. A 1986 kuma, a Tuluz ta Faransa, Jacques Puel ya sa zoben ƙarfe na farko a jijiyar zuciyar ɗan Adam. Sana'ar da aka gada daga irin waɗannan mazaje, waɗanda suka fara gwaji da jikinsu, ta gaji kuma wani hali nasu, wato raina haɗarin da ya shafi kai.

Mai karatu zai yi tambaya: tun da a kan majinyaci aka saita hasken, ina ruwan likita? Amsar tana ga duk wanda ya taɓa watsa ruwa da ƙarfi a jikin bango, ya ga yadda feshin ke dawo masa. Na'urar da ke fitar da hasken tana ƙarƙashin gado, hasken ya ratsa bayan majinyaci, kaɗan daga ciki ya fita ta ƙirji ya zama hoto, wani sashe jiki ya shanye, wani kuma ya fantsama ta kowace kusurwa. Wannan fantsamar ita ke samun likita da masu taimaka masa. Masana sun ƙiyasta cewa a nisan mita guda ƙarfinta kusan kashi 1 ne cikin 1,000 na abin da ya shiga fatar majinyaci. Abu ne kaɗan ƙwarai. To amma majinyaci sau ɗaya ko sau biyu zai kwanta a gadon nan a duk rayuwarsa, shi kuwa likita yana tsaye a gefensa sau ɗaruruwa a shekara, har shekara 30 ko fiye. Kuma da yake a dama da majinyaci yake tsayawa, yana fuskantar allon hoto, gefensa na hagu ne ke kusa da tushen hasken kullum.

Ana auna rabon da jiki ya samu da wani ma'auni mai suna milisibet, wanda aka ciro daga sunan Rolf Sievert, wani masani ɗan ƙasar Suwed. Kowane mutum a duniya yana samun kimanin milisibet 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Ƙa'idar duniya ta ce kada ma'aikacin da ke aiki da haske ya wuce milisibet 20 a shekara, idan aka yi matsakaicin lissafi na shekara 5. Wasu masu bincike na Italiya sun ƙiyasta cewa likitan zuciya mai yawan aiki yakan tara tsakanin milisibet 50 da 200 cikin shekara 30, daidai da radiyon ƙirji 2,500 zuwa 10,000. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wanga lissafi, domin ya san abokin cinikin da ke ɗaukar kaya na dala biyar yau, na dala goma gobe, ba ya jin komai, sai ranar da aka buɗe littafi aka tara. Hasken yana karya saƙar gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Jiki yakan ɗinke mafi yawan karayar, amma wani ɗinkin yakan zo a karkace, kuma daga irinsa ne ciwon daji kan tsiro bayan shekaru. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ke sa allura ginin rijiya.

Labarin Edward Diethrich ya isa misali. An haife shi a 1935 a jihar Mishigan ta Amurka, ya koyi fiɗar zuciya a birnin Hustan a hannun manyan gwanayen zamaninsa, Michael DeBakey da Denton Cooley. A 1971 ya kafa cibiyarsa ta ciwon zuciya a Finiks ta jihar Arizona. Mutum ne mai son sabon abu, marar tsoron idon jama'a, har a 1983 ya yi wa wani mutum fiɗar zuciya ana nunawa kai tsaye a talabijin. Da hanyar bututu ta bayyana, yana cikin likitocin fiɗa na farko da suka karɓe ta hannu bibbiyu, ya horar da ɗimbin likitoci daga ƙasashe da yawa. Shekara da shekaru ya yi a tsaye gefen gado, hankalinsa na kan jijiyar da ke gabansa a allo, hasken kuma yana yi masa feshi.

Da girma ya zo, sai littafin bashi ya buɗe. Yana ta rufe masa idanu har aka yi masa aiki, aka samu toshiya a babbar jijiyar wuyansa, daga bisani kuma aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Wani a matsayinsa da ya ja bakinsa ya shige gida, domin ba ƙaramin abu ba ne gwanin da duniya ta sani ya fito yana nuna rauninsa. Shi kuwa a 2015 ya yarda aka ɗauke shi a wani ɗan fim da aka shirya domin faɗakar da ma'aikatan ɗakin zuciya, inda ya bayyana cewa a shekarun ƙarfinsa bai ba kariya muhimmancin da ya kamace ta ba, kuma shi a ganinsa hasken ne sanadin abin da ya same shi. Ya rasu a watan Fabrairu na 2017 yana da shekara 81. Ajali na Allah ne, kuma ciwon mutum guda ba ya zama hujja a wurin masu ilimin kimiyya. Amma maganar dattijo irinsa ta shiga kunnen matasan likitoci ta inda takardun ƙa'ida suka kasa shiga.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga ido ta fito. Ƙwayar da ke tattara gani a cikin ido tana daga cikin sassan jiki mafi rauni a gaban haske, kuma yanar da haske ke haddasawa tana da wurin zamanta, can bayan ƙwayar, dabam da yanar tsufa da aka saba gani. Daga 2008 hukumar nukiliya ta duniya, AIEA, mai mazauni a Biyana, ta riƙa kai likitocin ido wuraren taron likitocin zuciya domin a duba su. A binciken da aka yi a Amurka ta Kudu, wanda aka buga a 2010, an samu alamun wannan yana a idanun kashi 38 cikin 100 na likitocin bututu, alhali a cikin mutanen da ba sa aiki da haske kashi 12 ne. Wani bincike na Faransa da aka buga a 2013 ya samu kashi 17 a gefe guda, kashi 5 a ɗaya gefen. Tun a watan Afrilu na 2011 hukumar CIPR, a taronta na Sewul, ta sauko da iyakar abin da ido zai ɗauka daga milisibet 150 a shekara zuwa 20. Wato abin da aka daɗe ana cewa ba komai, ashe ya ninka abin da ya dace fiye da sau 7. Hukumar AIEA ta sa sabon adadin a ƙa'idojinta, Tarayyar Turai kuma ta mai da shi doka a 2013.

Maganar ƙwaƙwalwa ta fi tayar da hankali, ko da yake hujjarta ba ta kai ta ido ba. A 2013 wani likita na birnin Haifa, Ariel Roguin, tare da abokan aikinsa, sun tattara labarin likitoci 31 masu aiki da haske waɗanda ƙari ya fito musu a ka ko a wuya. A cikin 26 da aka san gefen da ƙarin ya fito, 22 a hagu ne, wato gefen da ke fuskantar na'ura. Masana sun yi gargaɗin cewa tattara labarai irin wannan ba ƙidaya ba ce, domin ba a kwatanta su da dubban likitocin da suka ƙare aiki lafiya lau ba. Duk da haka, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba ya jiran alƙali kafin ya shafa wa nasa ruwa.

Rigar nan mai nauyi da darma ake cika ta, kaurin darmar daga rubu'in milimita zuwa rabi, kuma tana tare fiye da kashi 90 cikin 100 na fantsamar da ta same ta. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon. Nauyinta yakan kai kilo 5 zuwa 7, wani lokaci fiye, kuma mai ita a tsaye yake wuni, a ɗan sunkuye. Duk ɗan dakon da ke tashar mota ya san abin da ƙaramin kaya ke yi wa baya in an daɗe ba a sauke ba. A wata tambaya da ƙungiyar likitocin bututu ta Amurka ta yi wa membobinta a 2014, kusan rabinsu sun ce suna fama da ciwon baya ko wuya ko gwiwa da ƙugu. Akwai waɗanda wannan ya raba su da aikin tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Kuma rigar ba ta rufe kai, ba ta rufe hannuwa da ƙwauri. Ga mata likitoci akwai wani nauyin na dabam, domin shekarun koyon aikin su ne shekarun haihuwa, kuma tsoron abin da zai samu ɗan tayi yana cikin dalilan da suka sa mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu wannan sana'a a Amurka ba. Alhali ƙa'ida ta yi tanadi: daga ranar da mace ta sanar da juna biyu, kada rabon ɗan tayi ya wuce milisibet 1 har haihuwa, kuma an ga cewa da kariya mai kyau ana iya ci gaba da aiki a ƙarƙashin wannan iyaka.

Abin farin ciki shi ne yawancin hanyoyin kariya ba su da wuyar fahimta. Ta farko ita ce rage lokaci. Da ƙafa likita ke kunna hasken, saboda haka ana koya masa ya ɗage ƙafarsa duk sa'ad da idonsa ba ya kan allo. Na'urar tana iya ɗaukar hoto 15 a daƙiƙa guda, tana kuma iya ɗaukar 7 da rabi, kuma a mafi yawan aiki na biyun ya wadatar, ga shi yana rage hasken ƙwarai. Ana iya ƙuntata tagar hasken ta tsaya kan wurin da ake bukata kaɗai, a kuma matso da faifan da ke karɓar hoto kusa da ƙirjin majinyaci. Duk abin da aka rage wa majinyaci an rage wa likita, tun da daga jikin majinyacin ne feshin ke tasowa. Ta biyu ita ce nisa. Wanda ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da tushen haske ya mai da rabonsa kashi 1 cikin 4, wanda ya ninka ta sau 3 ya mai da shi kashi 1 cikin 9. Taki ɗaya da ma'aikaciyar jinya za ta ja da baya yana iya fin wata riga amfani.

Ta uku ita ce garkuwa. Ban da riga, akwai abin wuya mai kare ƙwayar nan ta maƙogwaro wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, akwai tabarau mai darma, akwai labulen darma da ke rataye a gefen gado domin ƙafafu, sannan akwai wani allo na gilashi mai darma da ke saukowa daga rufin ɗaki, wanda ake jawowa a sa tsakanin likita da majinyaci. Idan an ajiye shi daidai, manne da jikin majinyaci, allon nan yana tare mafi yawan abin da zai samu kai da idanu. Idan kuwa an ture shi gefe don yana takura hannu, ya zama ado. A nan ne halin mutum ke shigowa. Da tsakar dare aka kawo mai bugun zuciya, kowane minti tsoka na mutuwa, likita na sauri, sai ya ga jawo allo ɓata lokaci ne. Shi ya sa manyan malamai ke dagewa a koyar da kariya tun ranar farko, har ta zama kamar wanke hannu, abin da jiki ke yi ba sai an tuna ba.

Akwai kuma wani ɗan abu da bai fi akwatin ashana ba, dozimetir, wanda ake maƙalawa a jiki domin ya riƙa tara lissafin hasken da ya samu mutum. Ƙa'ida ta fi son a sa biyu, ɗaya a ƙarƙashin riga, ɗaya a kan abin wuya daga waje. Duk wata ko duk wata 3 ake aika shi a karanta. Binciken AIEA ya nuna cewa likitoci da yawa ba sa sa shi kullum. Wasu mantuwa ce, wasu kuwa da gangan suke barinsa a aljihun tebur, don gudun kada adadi ya haura a dakatar da su daga aiki. Wannan daidai yake da ɗan kasuwar da ya ɓoye littafin bashi don kada ya ga asara. Yanzu an ƙera wasu da ke nuna adadin nan take a allo, har mutum ya ga da idonsa yadda taki ɗaya ke sauko da shi.

Masu ƙere-ƙere sun nemi raba likita da gefen gado ɗungurungum. A 2012 hukumomin Amurka suka amince da wata na'ura mai suna CorPath, wadda ke riƙe bututu tana turawa, likita kuwa yana zaune a wani lungu mai garkuwa yana sarrafa ta, babu riga a jikinsa. Gwajin da aka yi ya nuna rabonsa na haske ya ragu da kimanin kashi 95 cikin 100. Wani kamfanin Faransa na birnin Ruwan ya fito da tasa, R-One, a 2019. Amma tsada da wuyar aiki sun hana su yaɗuwa, har a 2023 kamfanin da ya mallaki CorPath ya janye ta daga aikin zuciya. An kuma ƙera rigar darma da ke rataye daga sama, likita ya shiga cikinta ba tare da nauyinta ya hau kafaɗarsa ba. Duk waɗannan na asibitocin masu hali ne. Ga sauran duniya, allo da labule da tabarau da dozimetir su ne abin dogaro, kuma kuɗinsu duka ɗan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin babbar na'urar.

A nan ne maganar ta iso ƙofar masu karatun wanga shafi. Nijar ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Tun 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, a 1978 aka fara a Akuta, kuma iyalai da yawa na Tawa da Maraɗi da Damagaram suna da wanda ya yi aiki can ya ga dozimetir a ƙirjin mahaƙa. A 1998 aka kafa cibiyar ƙasa ta kariya daga haske, CNRP, a 2016 kuma aka yi dokar kafa hukumar ARSN mai sa ido kan sha'anin. Hawan jini da ciwon sukari suna ƙaruwa a biranen Afirka, ciwon jijiyoyin zuciya na biye da su, saboda haka ɗakunan bututu za su ƙaru, na gwamnati da na masu zaman kansu. Wani ma'aikaci ne zai rubuta takardar kwangila, wani ɗan kasuwa ne zai shigo da kayan, wani jami'in kuɗi ne zai ce a rage kaza domin kasafi ya isa. Abin da aka fi saurin sokewa a irin wannan zama shi ne abin da ba ya fitowa a hoton ranar buɗe asibiti: allon rufi, tabarau, kuɗin karanta dozimetir, kuɗin mai zuwa auna na'ura duk shekara, kuɗin horar da ma'aikatan jinya. Rigar darma ma tana tsagewa daga ciki idan ana ninke ta maimakon a rataye, kuma ba a ganin tsagar sai an haska ta, don haka sai an ware mai dubawa.

Wanda zai riƙe alƙalamin sokewa ya kamata ya yi wani lissafi tukuna. Kafin yaro ya zama likitan bututu, sai ya yi shekara 7 ko 8 a makarantar likita, ya ƙara 4 ko 5 yana koyon ciwon zuciya, ya ƙara 1 ko 2 yana koyon bututu, galibi a ƙasar waje, da kuɗin ƙasa ko da gumin iyayensa. A ƙasar da irinsu ba su da yawa, nauyin da mutum goma ke rabawa a Turai yana iya faɗawa kan mutum ɗaya, rabonsa na haske kuma ya ƙaru gwargwadon haka. Idan yana ta rufe idon irin wannan likita yana da shekara 50, ko bayansa ya hana shi tsayuwa, asarar ta wuce gidansa, ta shafi duk mai ciwon ƙirjin da zai zo a ce masa babu mai yi, sai ya nemi kuɗin jirgi.

Shi kuma majinyaci kada wannan bayani ya sa shi gudun aikin. Ga wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, amfanin buɗe ta ya rinjayi haɗarin hasken nesa ba kusa ba, kuma jinkiri shi ne babban abokin gaba. Abin da ke kansa kaɗan ne: ya faɗa wa likita idan an taɓa yi masa irin wannan aiki, da lokacin da aka yi, ya adana takardunsa da faifan hotonsa domin kada a maimaita abin da aka riga aka ɗauka, mace kuma ta faɗi idan tana zaton tana da juna biyu. Idan aikin ya yi tsawo ƙwarai, ya sa a riƙa duba masa fatar baya na ƴan makonni, in an ga ja kamar ƙuna a koma asibiti. In kuma ya ga likita ya tsaya yana gyara allo, yana jiran ma'aikaciya ta ɗaura abin wuyanta kafin a fara, ya yi haƙuri da wannan minti guda, domin akwai wasu ɗaruruwa a bayansa da ke bukatar idanun nan da hannuwan nan. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma tsare masu tsaye a kansu.